Bahon A'i Mikis

In ka shiga Kiyako ka ce gidan A'i kake nema, za a tambaye ka wace A'in, don garin ba ya rasa A'i biyar ko shida. Amma ka ce A'i Mikis, to tambaya ta ƙare. Za a nuna maka lungun da ke bayan masallaci, a ce ka bi ƙamshin soyayyar gyaɗa, shi zai kai ka. Da can haka ake kwatancen. Yanzu sai an haɗa maka da bishiyar darbejiya da ke ƙofar gidan, don ƙamshin ba kullum yake tashi ba. Dalilin haka nake so in ba ku.

Bari mu fara da sunan. Kalmar ta Bature ce, kuma ta daɗe da zama 'yar gari. Birkila in zai kwaɓa siminti da yashi, mikis yake cewa. Mai feshi in ya tsiyaya magani a cikin ruwan tankin da ya goya, mikis. Mai shayi a tasha in ya haɗa maka madara da koko, shi ma mikis. Mu kuwa a da kowane haɗi da sunansa: kunu damawa ake yi, ƙasar gini a kwaɓa, hatsi a gauraya, magana kuma a cakuɗa ta. Sai wannan baƙuwa ta zo ta lulluɓe su gaba ɗaya kamar mayafi. A'i ba ta damu da sunan ba. Takan ce, "Ku kira shi yadda kuka ga dama, halinsa dai ɗaya ne. Abin da ya haɗu ya haɗu, mai raba shi sai Allah."

A Sara aka haife ta, can ƙasar Gwaram. Uwarta ƙuli-ƙuli take yi, saboda haka A'i ta tashi a gindin kasko. Ba ta buƙatar duba gyaɗa ta san ta soyu, hancinta ne ke faɗa mata. Aure ya kawo ta Kiyako gidan Malam Salihu, manomi ne mai ƙarancin magana, irin mutanen da sai ka yi musu tambaya uku su amsa ɗaya.

Ɗansu na fari Ahmad sunansa. An yaye shi da farkon damina, da marka ta kankama ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara. Tsofaffi suka ce ya sha ciki ne, don lokacin A'i tana da juna biyu. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi turare. Kafin gero ya nuna Ahmad ya koma ga Mahaliccinsa. A'i ba ta ambatar sunansa, sai dai ta ce "wancan na farin."

Cikin da aka ɗora wa laifi shi ne ya zama Juwairiyya. Da aka yaye ta ita ma, sai ga kumburin nan ya fara daga tafin ƙafa. A'i ba ta jira shawarar kowa ba, ta goya 'yarta ta nufi ɗakin shan magani. A can ta gamu da Sista Eunice, wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Tangale, Kirista, gajeriya mai faɗa kamar barkonon tsidugu. Ta danna ƙafar yarinyar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Me kike ba ta?"

"Kunu, Sista."

"Kunun me?"

"Na gero mana."

"Safe gero, rana gero, yamma gero. Ke tsuntsuwa kika haifa? Wannan tamowa ce, ba iska ba ce, ba kuma cikin kowa ta sha ba."

Ta zaunar da ita ta koya mata: gero kwano uku, waken suya ɗaya, gyaɗa ɗaya. A surfa geron a wanke, a soya kowanne daban, a murje ɓawon waken. "Sannan ki yi mikis, ki kai inji. Kin ji ko? Mikis!" Tana faɗa tana juya hannu cikin iska. A'i ta dawo gida tana maimaita kalmar don kada ta manta, matan unguwa suka ji suka yi ta dariya, sunan ya manne mata har yau. Juwairiyya kuwa ta tashi, yanzu tana aure a Sara da 'ya'ya uku, kowanne kumatu kamar an hura.

Ganin haka mata suka fara zuwa a koya musu. Sai A'i ta lura da abu ɗaya: wadda ɗanta ya fi bukatar garin, ita ce ba ta da wake, ba ta da gyaɗa. Gero kawai gare ta, shi ma na bakin rumbu. Nan ta kafa al'adar da ta rayu shekara goma sha tara. Ta sa Malam Salihu ya samo mata wani ƙaton baho na ƙarfe, wanda yara biyu za su yi wanka a ciki su yi faɗa ba su taɓa juna ba. Duk Litinin ɗin farko ta wata, kowace mai yaye ta kawo abin da Allah ya hore mata. A haɗa a baho ɗaya, ranar Laraba a niƙa, ranar Alhamis a raba. Rabon kuma ba bisa abin da kika kawo ba ne, bisa bakunan yaranki ne.

Dokar bahon guda ɗaya ce. Ƙwarya a rufe take zuwa da faifai a kai, kuma A'i kaɗai ke buɗe ta, cikin ɗakinta, ba a gaban kowa ba. Mai kawo kwano biyar na waken suya da mai kawo tafi biyu na gero, duk ƙwarya ɗaya ake gani a kansu. Ƙoren kan zauna a ɗakin har Alhamis, a mayar wa kowa da tata cike da gari. Ba a taɓa jin A'i ta ce wance ta kawo kaza ba, ko da wasa.

Cikin masu ƙarfin da ke riƙe da bahon akwai Hajiya Bara'atu, matar Alhaji Ashiru mai gonar waken suya. Mace ce mai hannun kyauta, wannan ba a musu, sai dai tana son a san ta bayar. Ƙwaryarta takan zo a rufe kamar ta kowa, amma sai ta sauke ta da nishi tana cewa, "Wash, wuyana!" Akwai kuma Hajjo, maƙwabciyar A'i, katanga ɗaya ta raba su. Tare suka yi amarci, tare suka tsufa. Hajjo tana riƙon jikarta Khairiyya, marainiya da ba ta cika shekara biyu ba, mijinta Haladu kuma ciwon baya ya kwantar da shi tun farkon damina.

Shekarar da abin ya faru, daminar bara ba ta yi kyau ba, kafin watan marka rumbuna da yawa sun koma ɗakin ɓeraye. Duk da haka ranar Litinin ƙore ashirin da uku suka shigo gidan A'i. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya ta juye. Da ta zo kan ta Hajjo, ta ji geron da ɗan sanyi a hannu, ƙwayar ta ɗan yamutse kamar wadda ta sha ruwa ta bushe. Ta ce a ranta, damina ce, wataƙila ɗaki ya yi yoyo. Ta juye shi cikin sauran, ta sa hannu ta gauraya.

Aka yi surfe, ta shanya dusar a ƙarƙashin rumfa. Talata aka wuni ana suya. Laraba da hantsi ta watsa wa kajinta dusar, sannan ta ɗora buhuna a baro aka nufi inji. Ta dawo bayan azahar, fuskarta fari fat da gari, tana ta murna don niƙan ya yi laushi. Sai ta tarar da Malam Salihu tsaye a tsakar gida, hannayensa a baya.

"Malam, lafiya ka dawo da wuri?"

Ya nuna mata gindin turmi da haɓa. Kaji bakwai kwance, ƙafafu a miƙe. Zakaran yana da sauran rai, yana juyi a wuri ɗaya, yawu na zuba daga bakinsa.

"Me kika ba su?"

"Dusar geron yara."

Ya sunkuya ya duba zakaran. Sannan ya ce, "Na taɓa ganin irin wannan a gona. Zabi ne suka tone shukar da aka shafa wa jan magani."

Kowane manomi ya san jan garin nan da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, don kada tsutsa da tsuntsu su cinye. A'i ta juya da sauri. Ta shiga ɗaki ta jawo ƙoren nan ta fito da su haske, tana duba cikin kowace. Ƙwarya ta sha huɗu tsohuwa ce, ta taɓa tsagewa an ɗinke ta da zare. A cikin ɗinkin, can inda ruwa ba ya kaiwa, akwai ja-ja kamar ƙurar jar kanwa. Ta san ƙwaryar. Ita da kanta ta ɗinke wa Hajjo ita.

Ta ɗebi garin a leda, ta hau acaɓa sai Birnin Kudu, inda Sista Eunice ke zaune tun da ta yi ritaya. Ta same ta a ƙofar gida tana gyaran alayyahu.

"A'a, Mikis da kanta! Wa ya mutu kika tuna da ni?"

"Kaji ne suka mutu, Sista."

Da ta gama ba ta labari, Eunice ta ajiye tiren. A'i ta matsa kusa tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai roƙo. Ƙwarya ɗaya ce fa cikin ashirin da uku. An surfa, an wanke, an soya a wuta. Ai maganin a bayan ƙwaya yake, ya bi dusa. Ita ma ta ɗanɗana garin a inji, ga ta nan garau.

"Wataƙila ya bi dusa," in ji Eunice. "Wataƙila kuma bai bi duka ba. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. To faɗa mini, a kan ɗan wa za mu gwada?"

A'i ta ƙulle bakin ledar.

"Ki haƙa rami mai zurfi, nesa da rijiya. Kada ki ba akuya, kada ki zuba a bola. Ki binne shi, 'yar'uwa."

"Marka ce fa, Sista. Wasu abin da suka kawo shi ne na ƙarshe a gidansu."

"Na sani. Yunwa tana ba mutum kwanaki ya nemi mafita. Wannan ba ya bayarwa."

Ranar Alhamis da safe matan suka cika gidan, kowace da goyo, ana ta raha ana tsokanar juna. A'i ta fito ba ta ɗauko ƙore ba. Ta faɗa musu abin da ya faru tiryan-tiryan, ta kai su bayan gida inda Malam Salihu ya haƙa rami har ƙugu. Kajin suna ƙasa. A gabansu ta kwance bakin buhu na farko ta tuntsurar. Ƙamshin soyayyar gyaɗa ya tashi ya cika wurin, ƙamshin da yaran nan suka sani. Ɗaya daga tagwayen Ummussalma, wata yarinyar mace da mijinta ya tafi ci-rani, ya miƙa hannu daga bayan uwarsa yana kuka. Ummussalma ta juya masa baya ga ramin, ita ma tana share ido da gefen mayafi.

Hajiya Bara'atu ce ta fara magana.

"Inna A'i, kin yi daidai da kika binne. Allah ya saka. Saura abu ɗaya. Ke kaɗai kike buɗe ƙwarya. Ƙwaryar wa ce?"

"Hajiya, kin san dokar bahon nan."

"Dokar ta rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi ce, ba ta mai kashe mana 'ya'ya ba. Da kajin nan ba su ci ba fa? Yau da gidaje nawa ake zaman makoki?"

Mata suka ce gaskiya ne. Kuma gaskiyar ce, A'i ta san haka. Ta ɗaga ido, ta hango Hajjo can baya jikin danga, Khairiyya a bayanta, ta kafa ido a ƙasa kamar mai neman allura. A'i ta san garinsu. In ta furta sunan, Hajjo ba za ta ƙara ɗibar ruwa a rijiya cikin mutane ba, ba mai ƙara cin abincin hannunta a biki, kuma Khairiyya za ta girma ana nuna ta ana cewa jikar mai guba. In kuma ta yi shiru, masu wake da gyaɗa za su janye, bahon ya mutu.

"Hannuna ne ya taɓa geron, ya ji alama, ya juye," in ji A'i. "In laifi kuke nema, ga mai shi a gabanku."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita gare ni, Hajiya."

Bara'atu ta gyara mayafinta. "To ni dai ba zan ƙara zuba abincin jikokina a inda ban san wa ya zuba ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, mu kuma an ƙi nuna mana waken." Ta shiga ɗaki ta zaro ƙwaryarta fanko ta fita. Mata shida suka bi bayanta, kuma su ne masu waken suya.

Da la'asar Hajjo ta zagayo ɗaukar tata ƙwaryar. A'i ta miƙa mata, ta ɗora yatsa a kan ɗinkin. Hajjo ta duba, sai ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Sau uku na wanke shi, Yaya A'i. Na uku har da toka. Sai da ruwan ya fita fari tas, wallahi. Na ce ai jan shi ne maganin, tunda jan ya tafi..."

"Ragowar irin shuka ne?"

"Na Haladu ne, da ya kasa ƙarasa gonar. Yana ajiye a tulu tun farkon damina. Ba ƙwaya ɗaya a gidan sai shi."

"Ke Hajjo! Ke Hajjo! Me ya hana ki kawo mini ƙwaryar a rufe ba komai a ciki? Wa zai sani? Don me na kafa dokar?"

"Ke za ki sani." Hajjo ta share hanci. "Wata uku ina kawo miki tafi biyu, ina komawa da ƙwarya cike. Na ji kunyar in zo miki hannu Rabbana."

A'i ta ce ranar ta so ta mare ta, ta kuma so ta rungume ta, ta rasa wanda za ta fara, sai ta tashi ta ɗebo mata gero daga nata tulun ta ce ta je ta dama wa yarinya.

Watan da ya biyo baya ƙore tara suka zo, duk gero. A'i ta sayar da tunkiyarta ta cike wake da gyaɗa. Wata na gaba ba tunkiya. Magana kuma ta fara yawo, kun san ta ba ta zama wuri ɗaya. Wasu suka ce A'i ce ta tsufa idonta ya mutu. Wasu suka ce ai geron daga gidanta ya fito, shi ya sa ta ƙi faɗa. Kafin kaka ɗaya daga tagwayen Ummussalma ya kumbura, sai da aka kwantar da shi a asibiti mako biyu. Ya rayu, amma A'i ta ce duk ranar da ta gan shi sai wancan na farin ya faɗo mata.

Hajjo ta kasa jurewa. Bayan an yi girbi, a wani taron suna a gidan Alhaji Ashiru, ana tsakiyar rabon waina, ta miƙe ta faɗi komai da bakinta, don a wanke A'i. Ta zaci in ta ɗauki laifinta bahon zai farfaɗo. Sai Hajiya Bara'atu ta ce, ba da faɗa ba, a hankali:

"Ke Hajjo rashin sani ne ya ja ki, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma Inna A'i ta sani tun ranar. Ta dube mu ido cikin ido ta zaɓi ƙawarta. Gobe in wata ta sake, haka za ta rufe."

A'i tana wurin, ta ce, "Haka ne, Hajiya. Zan rufe. Sai dai ba zan ƙara juye geron da hannuna ya yi shakka a kansa ba." Bara'atu ta ce wannan bai ishe ta ba. Har yau suna gaisawa da mutunci, har yau ba ta dawo ba.

Yanzu masu hali kan aiko wa A'i da kayansu ta haɗa musu, kowa nata daban, a ƙaramar roba, mai kayan tana tsaye tana kallo. A'i tana yi musu, ba ta taɓa ƙi ba, amma ta ce wannan aikin inji ne, ba mikis ba ne. Bahon kuwa tana fito da shi duk Litinin ɗin farko ta wata. Ƙore bakwai, wani lokaci takwas, a rufe kamar da. Takan daɗe a ɗaki yanzu, tana shinshina kowane gero, tana murza shi a farin ƙyalle ta kai haske. Hajjo ce ke yin surfen duka, ta hana kowa taɓa taɓaryar, ko da bayanta na ciwo.

Bana Malam Salihu ya ware kunya goma sha biyu a gefen dawarsa ya shuka waken suya, bai gaya wa kowa ba sai da ya tsiro. A'i ta je ta gani, ta auna da ido, ta ce ba zai kai su marka ba.

"Zai kai inda ya kai," in ji shi.

Ran nan na wuce ta lungun na tarar da ita tana wanke bahon. Garin da ke fita daga cikinsa yanzu ko rabinsa ba ya kaiwa, amma duka take wankewa, har bakin da tsatsa ta fara ci, tana dirza shi da toka da soson buhu.